Haƙorin da Mai Guga Ya Karya

A layin da shagonsa yake, tsakanin tela da mai aski, ba wanda ke ce masa mai hoto. Mai Guga ake kiransa, ko da yake bai taɓa riƙe dutsen guga ba, ko rigarsa ma matarsa ke goge masa. Fuskokin mutane yake gogewa. Za ka shiga da tamojinka da furfurarka da ƙurajenka, ka zauna gaban labulen nan mai zanen teku da jirgin ruwa, ya ɗaga maka haɓa da yatsa ɗaya, ya ce kar ka motsa. Washegari in ka dawo karɓa, sai ya miƙo maka wani kyakkyawan mutum da ka san ka taɓa ganinsa a wani wuri, amma ka rasa inda.

Tun zamanin fim ya koyi sana'ar, wajen wani tsoho da ke gyaran fuska da fensir mai tsini a ɗan ɗakin wanke hoto mai jan ƙwan lantarki. Tsohon yana da ƙa'ida: ƙurji ɗaya ko biyu ake cirewa, a bar sauran, don uwar mutum ta gane shi. Mai Guga ya ɗauko fensirin, ya baro ƙa'idar a can. Da kwamfuta ta zo kuwa, sai abin ya wuce magani. In ka yi ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: "Madubi yana gaya maka gaskiya kullum safe. Don me za ka taso takanas ka zo wurina in maimaita maka?"

Mai aski yana da sanƙo tun daga goshi har ƙeya. Mai Guga ya dasa masa suma baƙa wuluk, aka rataye hoton a shagon askin, baƙin kwastomomi suna shigowa suna tambayar ina mai shagon ya tafi. Akwai kuma wani dattijo da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni, ya fita da safe bai dawo ba. 'Ya'yansa suka ɗauko hotonsa na ƙarshe, aikin Mai Guga, suka buga suka manna a ko'ina. Wuni guda dattijon yana zaune a tashar mota, ƙarƙashin takardar cigiyarsa, mutane suna karantawa suna tsallake ƙafafunsa, suna neman wani saurayi mai santsin kumatu. Da aka kawo wa Mai Guga labarin, cewa ya yi, "To ai laifin tsohon ne da ya ƙi kula da kansa."

Ko a gida bai bar kowa ba. Hoton matarsa na falo ya sha gyara har baƙi kan tambaye ta ko 'yarta ce ta fari. Takan ce, "A'a, matar maigidan ce. Ni ina dafa masa abinci ne kawai."

Wata hantsi wata mata mai manyan shekaru ta shigo, ta kwance ƙyalle, ta fito da ɗan ƙaramin hoto. Wani saurayi ne ya jingina da ƙofa yana dariya. Ruwan rufi ya shiga bayan gilashi ya cinye wajen bakin, ba abin da ya rage sai farin tabo.

"Autana ne," in ji ta. "Bara ya rasu. Ina so a gyara, a ƙara masa girma."

"Allah ya jiƙansa, Inna. Ki bar min shi."

Tausayi ya kama Mai Guga, shi kuma tausayinsa a yatsu yake fita. Ya rufe ƙofa, ya ƙi karɓar kowa, ya ɗauri niyyar yi wa matar nan aikin da bai taɓa yi wa mai rai ba. Kunnen yaron na dama ya ɗan buɗe kamar hannun kofi, ya kwantar da shi. Akwai tabo a gira, ya share. Ya daidaita kafaɗa, ya rage hanci. Da ya zo kan bakin da ruwa ya ci, sai ya jera masa haƙora farare tas, irin na tallan man goge baki. Mai aski da tela suka leƙo, suka ce wannan ko a allon talla na bakin titi aka sa shi sai motoci sun yi karo. Mai Guga ya shafa gashin baki, ya ce aiki ne kawai.

Ranar karɓa matar ta zo da mijinta, wani tsohon direba mai tabarau. Mai Guga ya yaye takardar da ya naɗe hoton, ya ja da baya yana jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ɗan waye?"

Tambayar da kowa ke yi ce a shagon nan, kullum kuma dariya ke biyo bayanta. Wannan karon ba wanda ya yi.

"Malam," in ji mijin, "wannan yaron in ya zo gidana sai in tashi in ba shi kujera. Namu kuwa da takalmi ake korarsa daga kicin. Ina kunnensa? Ina haƙorinsa?"

"Wane haƙori, Baba?"

"Na gaba, ɓantararre. Shi ya sa ba ya buɗe baki a hoto. Wayar yayarsa cike take da hotunansa, duk ya tsuke baki kamar mai kurkurar ruwa. Wannan kaɗai aka kama shi bai shirya ba."

Matar ta fara naɗe ƙaramin hoton a ƙyallenta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Dariyar nake so in gani. Na fara mantawa da yadda take."

Mai Guga ya ji kamar an zare masa kujera. Ya ce su ba shi zuwa gobe, su zo da duk wanda ya san bakin yaron.

Kunne da tabon gira ba su ba shi wahala ba, tunda suna nan a tsohon hoton da ya kwafa a kwamfuta, sai dai kowane ɗaya da ya mayar sai ya ji kamar yana zuba shara a ɗakin da ya share. Haƙorin ne matsala. Shekara da shekaru yana cike giɓi, yana miƙe karkatattu, bai taɓa karya ko ɗaya ba. Ya ɗora hannu kan linzamin kwamfuta, hannun ya ƙi tafiya.

Washegari suka zo su uku, da yayar marigayin, wata malamar asibiti da ta biyo daga wurin aiki da farar rigarta. Mai aski ya bar wani da rabin aski ya shigo. Tela ma ya biyo, tef a wuya. Aka cika gaban kwamfuta.

Mai Guga ya rufe ido ɗaya, ya yanke gefen haƙori.

"Wannan ai da almakashi aka yanka," in ji tela. "Har da kalmasa."

Ya ƙara.

"Kai, Malam, ƙofar gareji za ka buɗe masa?" in ji uban. "Rage. Ƙwallo ce fa ta buge shi, ba tirela ba."

"Wace ƙwallo?" in ji uwar. "Daga keke ya faɗo. Ni na wanke masa bakin."

"Ni dai ƙwallo ya ce min."

Yayar ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Suka juyo suna kallonta.

"Baba, Mama, ba keke ba ƙwallo. Marfin kwalbar lemo ya buɗe da haƙori, yana yi wa 'yan matan makwabta burga. Ina tsaye. Kwalbar ma ba ta buɗu ba."

"Ɗan banza!" in ji uban, da wata murya da ta fi kama da yabo. "Ni ya sa na je na yi wa mai koyar da ƙwallo rashin mutunci a gaban yara."

"Ni kuma na sayar da keken," in ji uwar.

Mai aski ya fashe da dariya, ya tuna inda yake, ya haɗiye ta, sai ya ga su ma iyayen dariyar suke, ya sake sako tasa.

Sanin marfin kwalba ne ya taimaka, don yanzu an san karayar a karkace take, daga ƙasa zuwa gefe. Amma duk yadda Mai Guga ya zana, sai ta fito sumul. Hannunsa bai san kaushi ba. Yana zana tsini, yatsansa na komawa da kansa ya goge shi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can sai idonsa ya faɗa kan tela, wanda ke tsaye baki buɗe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Shekarun cizon zare da riƙe allura sun ɓantare masa haƙorin gaba. Mai Guga ya sha cike wannan giɓin a hoto, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba.

"Zauna nan," ya ce.

"Ni? Me na yi?"

"Buɗe baki. Ƙara. Kar ka motsa."

Aka zaunar da tela gaban teku da jirgin ruwa, mai aski ya riƙe masa leɓe, yayar ta haska fitilar waya kamar a ɗakin tiyata. Tela yana ƙoƙarin cewa wani abu game da haƙƙinsa, ba a fahimta ba. Mai Guga ya ɗauki hoton haƙorin, ya kwaso bakin karayar da duk kaushinta, ya rage mata girma, ya kawo ta bakin saurayin.

Nan kuma sabuwar gardama ta tashi. Uban ya ce haƙorin dama ne. Yayar ta ce na hagu. Uban ya ce shi da ya yi shekaru yana tuƙi ba za a koya masa dama da hagu ba. Yayar ta ce ita bakin mutane take dubawa kullum. Mai Guga ya sa a nan, a ce a'a, ya mayar can, a ce a'a, haƙorin tela yana ta yawo a bakin ɗan mutane.

Sai uwar ta raba gardamar. Ta matso, ta ce a cire gaba ɗaya, a ƙara girman fuskar. Aka yi. Ta tsaya daidai gabanta, kamar yadda ake tsayawa gaban yaro za a duba ko ya wanke baki. Sai hannunta ya tashi, babban yatsa ya sauka kan gilashin kwamfutar, wajen leɓen sama, ya ɗan tura shi sama.

"Nan," ta ce.

Ba wanda ya yi musu. Mai Guga ya ajiye karayar a ƙarƙashin shatin yatsanta.

"Sun yi fari da yawa," ta ƙara. "Mai shan shayi ne."

Ya dushe su. Mutumin da bai taɓa barin haƙori ya fita shagonsa da launin shayi ba, ya zauna yana zuba shi da hannunsa, kaɗan-kaɗan, har ta ce ya isa. Sannan ya mayar da hoton daidai girmansa, ya janye kujerarsa gefe.

Saurayin ya jingina da ƙofa, kunne ɗaya a buɗe, gira da tabo, yana dariya da ɓantararren haƙorinsa kamar yanzu ya gama yi wa wani ƙarya.

"Dube shi," in ji uwar a hankali. "Mara kunya. Keke, ko? Me kake wa dariya?"

Uban ya cire tabarau, ya juya baya, ya tsaya yana nazarin jirgin ruwan labule kamar zai saya. Mai aski ya tuna da mai rabin aski, ya ja tela suka fice.

Da aka wanke hoton aka sa a firem, Mai Guga bai buga tambarin shagonsa a ƙasa ba, don a ganinsa duk wanda ya ga kunnen nan zai ce aikinsa ya lalace. Uwar ta ƙi yarda a naɗe shi da takarda. Haka ta fita da shi a rungume, fuskar tana kallon titi.

Da yamma ya koma gida, ya tsaya a falo gaban hoton matarsa, ya daɗe. Ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Lafiya, maigida?"

"Tunani nake. Ko in mayar miki da tamojin nan na gefen ido, da ɗan tabon haɓa. Don yara su riƙa gane ki."

Ta dube shi, ta dubi hoton.

"Yara sun san inda nake," ta ce. "Ka taɓa hoton nan ka gani."