Makullin Yana Aljihuna, Isiyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Isiyaku Hambali Kura rasuwa, matuƙin ƙaramin jirgin feshin nan na gonar Alhaji Dattijo. Jirgin ya faɗi ranar Lahadi, 11 ga Oktoba, 1987, gab da magariba. An tsinci gawarsa ranar Laraba da hantsi cikin kacalar wata fadama a gabas da Bunkure, aka yi masa sutura a Kura bayan la'asar. Ya bar mahaifiyarsa Iyatu, da matarsa Adama, da 'ya'ya uku.

Ni ne Uba Datti, mai kula da siton gonar. Shekararmu shida tare. Yau kwana tara ke nan, Isiyaku, ban yi kuka ba. Ina cin tuwo, ina zuwa masallaci, ina amsa gaisuwa. Mutane suna cewa Malam Uba akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Ban ji komai ba ne tukuna.

Manoman Kura da Bunkure sun san ka tun kafin su san fuskarka. Idan shinkafa ta yi nono, tsuntsayen jan baki suka sauko kamar hadari, ƙarar jirginka ake saurare. Aikinka gonar Alhaji ce kawai, amma ba ka taɓa iya wuce makwancin tsuntsu ka kau da kai ba don yana gefen gonar talaka. Bara wata tsohuwa ta tako tun daga Garun Mallam da ƙwaryar ƙwan zabi, wai a ba direban sama. Ka karɓa da hannu biyu, ka zaunar da ita a inuwar fiffike, ka bar ta ta shafa jirgin. Ta ce ashe ma gwangwani ne. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Wallahi Inna, gwangwani ne, Allah ne ke riƙe da shi."

Kai ka laƙaba mini Uba Makulli. Ka ce ko inuwata na samu dama sai na sa mata kwaɗo. Ban musa ba, alfahari ma nake yi. Shekara ashirin ina riƙe da sito, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba.

Farkon daminar bana ka matsa wa Alhaji sai an sayo wa jirgin wata na'ura mai kiran agaji. Ka yi mana bayani dalla-dalla: idan jirgi ya daki ƙasa, ita da kanta za ta fara kuka a iska, jiragen da ke wucewa sama su ji, a bi kukan har inda mutum yake. Wasu suka ce kada ka yi mana baki, fata nagari lamiri. Ka ce Annabi ma cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Iri biyu ne a takardar da ka kawo. Ɗaya a wutsiyar jirgi ake ɗaure ta da noti, ba ta fita. Ɗayar kuma ana maƙala ta bayan kujera, a zare ta in an so. Ta wutsiya ka zaɓa. Ka ce abin da ba ya fita ba a manta shi. Ni na miƙe a gaban Alhaji na ce sam. Jirgin nan a fili yake kwana, maigadi ɗaya ne kuma ya tsufa, abu ga shi kamar rediyo, wane ɓarawo zai gani ya ƙyale? A sayo mai zaruwa, kullum in kulle ta a kabad. Ka ce, "Malam Uba, ba kayan ajiya ba ne." Na ce duk abin da ya shigo gonar nan kayan ajiya ne. Na girme ka da shekara goma sha biyar, sai ka bar mini. Alhaji ya bi tawa.

Wata huɗu muna haka. Ka zo ka ce, "Uba Makulli, a ba ni amaryar." In buɗe, in warware tsumman da na naɗe ta, in miƙa maka. Ka sauka, in karɓe.

Ran Lahadin nan ba a shirya tashi ba. Na tafi suna Dawakin Kudu da makullin a aljihu. Da la'asar manoma suka zo a guje, jan baki sun sauka a shinkafar gabas, in aka kai gobe sai kara. Maigadi ya ce ka tsaya a ƙofar sito, ka riƙe kwaɗon, har ya miƙo maka guduma. Ka ce a'a, ba za ka ɓalle wa Malam Uba ƙofa ba ya nan ba. Ka tashi haka.

Kwana uku muna nema. Mun bi bakin kanal na ban-ruwa a ƙafa, a keke, a kan babur. Ciyawar kacala ta fi mutum tsawo, ta haɗiye jirgin ɗungurungum. Sau biyu na wuce ta gefen fadamar nan da kaina. Wani Bafulatani ne ya gano ka, da saniyarsa ta ƙi gaba.

Adama, ranar jana'iza kin aiko a tambaye ni ko ya sha wahala, na ce a gaya miki nan take Allah ya karɓi abinsa. Ƙarya na yi. Ƙafafunsa ne suka maƙale. A aljihunsa akwai ɗan littafin da yake rubuta tashi da saukarsa. A shafin ƙarshe ya rubuta da fensir: Lahadi, magariba, isha. Litinin, guda biyar cif. Talata, asuba, azahar. Sallolin da ya yi ke nan a zaune. Babu la'asar.

Da na'urar tana bayan kujerarsa, da wataƙila tun Litinin an ciro shi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa mini, kuma na yarda. Amma ni na zaɓi mai zaruwa, ni na zare ta.

Na karanta littafin nan daga bango zuwa bango, Isiyaku, ina neman sunana. Ko zagi ne, ko yafiya. Babu ko ɗaya. Sallolinka kawai ka lissafa.

Allah ya jiƙanka, ya sa wahalar kwanakin nan ta zama kaffara, ya karɓi sallolin nan tara, ya haskaka kabarinka. Inna Iyatu, Allah ya ba ki haƙurin ɗan da ya kamata shi ya binne ki. Adama, Allah ya raya abin da ya bari, ya albarkace su. Ban nemi ku yafe mini yau ba, na dai so ku sani daga bakina. Ina miƙa ta'aziyya ga Alhaji Dattijo da dukan manoman Kura da Bunkure. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Na'urar tana nan a kabad, naɗe da tsummanta, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Jiya da na tashi aiki, hannuna ya kai ga kwaɗon da kansa. Na kulle.