Tukunyar Kalwar Yaya Hansai

Shafa'atu, kin taɓa jin ƙyashin mutum don ya fi ki rashin barci? To ni kakarki na ji. Kuma ba bare ba ce, Yaya Hansai ce, cikinmu ɗaya.

Daddawa muka gada a Tsiga. Kin san kalwa, sai ta wuni ta kwana a wuta kafin ta yi laushi, ana iza itace ana ƙara ruwa. Sau ɗaya tak Tsohuwarmu ta bar mini gadin wuta, ina budurwa. Barci ya sace ni, kalwa ta ƙone ƙurmus. Shi ke nan sunana ya koma Kasa, sarkin barci. Wai hannuna na ɓata daddawa.

Da Tsohuwa za ta rasu, shekarar da fam ya koma naira, sai ta ba Hansai babbar tukunyar. Ni kin san me na samu? Tabarma! Mata na ta dariya, wai kowa an ba shi kayan sana'arsa.

Daddawarta kuwa ta yi suna. Ranar kasuwa har daga Funtua ake aiko direbobi, "ta Hansai muke so." Ni in na kai kuka da kuɓewa sai a ce, "Au, ke ce ƙanwar?" Kamar ba a raɗa mini suna ba. Ta haura sittin amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata wuta. Gyangyaɗi kawai take a bakin murhu, asuba ta hau surfe. Na ce, "Yaya, kawo in kama miki." Ta ce, "Kasa, je ki kwanta, kar tabarma ta yi kewarki."

Wallahi har addu'a na yi, ko sau ɗaya tukunyar nan ta ƙone mata. Ba ta ƙone ba.

Ita ce ta ƙone. Bayan kaka ƙafafunta suka kumbura, daga ɗaki zuwa rijiya sai haki. In ta kwanta numfashi ya tsaya, sai a zaune. Muka kai ta asibitin Malumfashi. Likita ya ce jininta ya daɗe da hawa, zuciya ta gaji, kuma wannan rashin barcin na shekaru ya ƙara mata. Ya ce zuciya ma a barci take samun sauƙi.

Ko a nan, Allah na tuba, da na ga rabin Tsiga sun zo dubiya, sai da abin ya sosa ni.

Ranar Laraba da hantsi ina gyara mata matashi a baya, ta kama hannuna. Ba ta ce Kasa ba. Ta ce, "Kulu, tukunya taki ce. Amma ki san da wannan: shekara arba'in ina jin minsharinki ta katanga, ina jin kamar in ƙwace. Ara mini tabarmar nan."