Notin Da Na Mayar

Assalamu alaikum. Da yawanku kun san ni da gyaran manyan motoci a Gwammaja, amma ban taɓa ba ku labarin tabon da ke hannuna na dama ba. Yau zan faɗa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne. Baba Modu, wani dattijon direba ɗan Dukawuya, ya kawo motarsa in sauya masa tayar baya. Noti ɗaya ya ƙi kwancuwa. Na zura wa sifana bututu, na hau da ƙarfi, ta zame, ƙarfe mai tsatsa ya tsaga min tafin hannu.

Na zuba man birki, na ɗaure da tsumma.

Da na samu notin ya kwance na duba shi, haƙoransa sun cinye. Na gani da idona. Babu sabo a gareji, Baba Modu kuma yana sauri, kayan mutane zai kai Maiduguri. Na mayar da shi, na ce a raina idan ya dawo na canza.

Bayan sati guda na kasa buɗe baki in ci tuwo. Washegari wuyana ya sandare.

Yayana Sani ne ya kai ni asibiti. Likita ya kalli hannun, ya ce, "Tetanus ne. Me ya hana ku zuwa tun ranar?"

Aka sa ni a ɗaki mai duhu. Ƙarin ruwa, allura bayan allura, kunu ta roba a hanci. Kekena da rabin kayan aikina suka tafi a kuɗin magani. Ko cokali ya faɗi, sai bayana ya banƙare kamar zai karye. Ranar rantsar da shugaban ƙasa wani ya kunna rediyo a baranda, tafin jama'a kaɗai ya jefa ni cikin jijjiga har na suma.

Amma hankalina ƙalau yake. Ina kwance ina ganin motar Baba Modu a raina tana kan titi, ina son in ce a tsayar da ita, haƙorana a datse. Na yi ta gurnani. Yaya Sani ya dafa ni, ya ce, "Yi haƙuri, ambaci Allah a zuci."

Sai a sati na uku bakina ya saki. Kalmar farko da na furta ita ce sunan Baba Modu.

Ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado. Na gaya masa komai.

Can ya ce, "Tayar ta fice bayan Wudil. Ni ban ji ciwo ba."

"Baba, akwai mutane a gefen hanya?"

"Ka warke tukuna, ɗana."

Na warke. Na koyi tafiya da sanda, na koma aiki bayan wata huɗu. Sau uku ina sake tambayarsa, yana kawar da zancen. Har ya rasu bai faɗa min ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Yaya Sani da ma'aikatan jinyar da suka riƙa shigowa ɗakina da sanɗa.

'Yan uwana masu gyara, in ƙarfe ya yanke ku, ku wanke, ku je a yi muku allura ranar. Man birki ba magani ba ne. Notin da ya cinye kuwa, ku jefar da shi, ko direba zai kwana a gareji yana faɗa.

Ku sa ni a addu'a. Ku haɗa da waɗanda ban san sunansu ba.