Daɓen da Safiyanu Ya Yi wa Inna

Ƙanena Safiyanu tun yana ɗan mitsitsi hannunsa ba ya zama. A tura shi korar tsuntsu a gonar shinkafa, sai a tarar da shi bakin ruwa yana gina ɗaki da laka, jan-baki kuwa sun yi biki da rabin gonar. Ni 'Yar'azumi na sha jibgarsa a kan haka, bai ji ba.

Garinmu yana gefen Guri, inda kogi ke shigo mana har tsakar gida kusan kowace damina. Ni na yi aure a Hadejia ina sayar da bandar kifi. Shi kuwa ya bi magina zuwa Abuja, ya zama gwanin sa tayil. Shekara goma sha huɗu yana durƙushe a gidajen manya. In ya zo hutun salla, sai ya zaro waya ya yi ta nuna mini gidajen da aka ce sun fi tsada a duniya, har da wani mai tafkin wanka a saman bene.

Na ce, "Ikon Allah! Mu ruwa na korar mu daga gida, su kuma ɗaukarsa suke su ɗora a ka?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ɗakin Innarmu sau uku yana faɗuwa, kuma abin yana cin sa. Yakan ce, "Yaya, ni da nake shimfiɗa wa wasu falo, a ce uwata tana kwana a danshi?"

Shekara biyu da suka wuce, matar wani mai gida ta duba tayil ɗin da ya yi wata guda yana jerawa, ta ce launin bai yi mata ba. Aka ɓamɓare duka. Shugaban aikin ya bar masa waɗanda ba su fashe ba, ya haɗa masa da siminti buhu takwas. Safiyanu ya loda su a mota har Hadejia, daga nan amalanken shanu ya ƙarasa da su gida.

Simintin ba zai ishi bango da daɓe ba, dole a zaɓi ɗaya. Na ce masa, "Don Allah ka zuba shi a gindin bango. Tayil ba ya tare ruwa."

Ya ce, "Haba Yaya! A bayan tsamiya fa zan gina. Baba ya ce ruwa bai taɓa wuce tsamiyar nan ba."

Da tsamiyar nan duk garinmu ke auna ambaliya tun kakanni, dattawa ma suka goya masa baya. Ba wanda ya tuna cewa tun bayan rasuwar Baba ciyawar kacalla ta toshe hanyar kogi, ruwa ya rasa inda zai bi. Na yi faɗa har na gaji, na kama bakina.

Ya tayar da bango da tubalin ƙasa, ya shimfiɗa tayil fari tas. Mata suka riƙa zuwa kallo. Inna ba ta taɓa taka shi da takalmi ba, kullum a ƙofa take cirewa.

Cikin watan tara, da hantsi, jingar da ke tare wa gari ruwa ta ɓalle. Kafin azahar ruwa ya wuce tsamiya. A kwalekwale aka fitar da Inna zuwa makarantar firamare, inda ta yi kwana arba'in a aji ɗaya da gida shida.

Da ruwa ya janye muka koma mu uku. Bango ya narke, kwano ya tafi, ko ƙyaure babu. Daɓen ne kawai a fili, ko tayil ɗaya bai ɗaga ba. Aikin gwani ne, wallahi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na zo da niyyar in ce ai na faɗa maka, amma da na ga ƙanena tsugune ya dafe kai, hawaye ne suka zo mini.

Inna ta zagaya har inda ƙofar take a da, ta cire takalminta, sannan ta shiga.