Kawu, Mai Allunan Ɗakin Gwaji

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, ina cikin aji 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa bayan jinyar kwana shida. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye alli na fita.

Shekara ashirin da biyu ka yi kana kula da ɗakin gwajinmu, kowa Kawu yake ce maka, har farfesoshi. Kai ka koya mini na'urar nan da ba ta fi kan ashana ba, wadda ke jin ƙwayar haske guda ɗaya tak. Ana ɗora mata wuta har ta ɗan haura iyakarta. Haske na taɓa ta, sai wutar ta ɓalle a cikinta kamar ambaliya, in kuwa allon lantarkin da ke bayanta bai yanke ta nan take ba, ta ƙone. Allunan nan da hannunka kake haɗa su, da dalma, da tabaranka mai ɗaurin zare.

Lokacin ina ɗaliba, saura kwana huɗu in kare bincikena a gaban malamai ka kira ni, ka rufe ƙofa. Ka aika wa na'urar haske ɗaya, sai ta ƙirga biyu. Ka sake, ta sake.

“Wa ya taɓa allon nan?” ka ce.

Ni ce na taɓa shi a ɓoye, na rage wa na'urar lokacin hutun da take yi bayan kowace ƙirga, don in gama da wuri.

“'Yata, ragowar wutar farko ce ke sake tashi, ke kuma kina ƙirga ta da sunan haske. Kashi ɗaya cikin biyar na aikinki ba gaskiya ba ne.”

Na roƙe ka ka rufa mini asiri, har da kuka. Sai ka ce, “Ba zan kai ƙararki ba. Amma in aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Ɗauko kujera.”

Na'ura ɗaya ta rage mana, babu wata in ta ƙone. Ka gyara allon, ka ce ni zan murɗa wutar da hannuna. Ina murɗawa, kana tsaye a kaina kana cewa, “A hankali. Ƙara kaɗan. Tsaya nan!” Kwana uku muka yi haka, ba ka ko fita cin abincin rana ba. Sakamakon ya ragu ƙwarai, amma ya zama nawa na gaskiya.

A gaban malaman, ɗaya ya tambayi dalilin da alƙaluma suka canja. Na waiga, kana can kujerar baya ka sunkuyar da kai. Na faɗi abin da na yi. Suka ba ni wata uku in gyara, suka amince da aikin. Har ka bar duniya ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Inna, matarka, da 'ya'yanka biyar da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.