Jiƙaƙƙiyar Koma a Ƙarƙashin Gado

Har gobe ina nan kan bakana, masuncin nan bai kashe kowa ba. Wasan kwaikwayo ne, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma ni a kansa na rasa aure, don haka ba wanda zai hana ni maganarsa.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ina kuma neman wata yarinya a Nasarawa. Mahaifinta tsohon akawun kotu ne, shi kaɗai ke da talabijin a layinsu. Ranar da ake nuna wasan 'yan sanda, da an idar da magariba sai a fito da akwatin ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi. Shi yana kan kujera, sauran jama'a a ƙasa. Ni can baya nake raɓewa, kamar yadda ya kamaci mai neman 'yar mutane.

Akwai abin da akawun bai sani ba. Da baffana ya je gaisuwa aka tambayi sana'ar gidanmu, sai ya ce mu manoman shinkafa ne a Argungu. Ba ƙarya ya yi ba, muna da 'yar fadama. Amma da kifi aka raine ni. Ubana masunci ne, haka kakana. Na san abin da baffa ya faɗa na yi gum, don ina son yarinyar nan kamar me, kuma na san yadda wasu 'yan birni ke yatsina fuska da an ambaci ƙarnin kifi.

Wasan ranar, an tsinci gawar wani falke ne a gulbi. Gaskiya ɗaya ce, sun yi ƙoƙari. Wanda ya fito a sufeto ya iya shiru, ya kafe mutum da ido har kai mai kallo ka ji gabanka na faɗuwa. Kukan uwar mamacin kuwa, sai da wata tsohuwa kusa da ni ta share hawaye da bakin gyale. Ba su ja labarin ba, ba su cika shi da ban dariyar banza ba.

Sai aka zo kan hujja. Masuncin da ake zargi ya rantse kwanansa uku bai shiga ruwa ba. Sufeto ya duƙa ya jawo koma, wato ragar kamun kifi, daga ƙarƙashin gadonsa, a dunƙule, tana ɗiga. Shi ke nan fa, sai ankwa, sai kiɗan tashi.

Akawu ya buga cinya ya ce aiki ya yi kyau. Ya ƙara da cewa shekarun da ya yi a kotu ya san halin mutanen ruwa, ba su da amana ko ta anini. Aka yi dariya.

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Baba, a gafarce ni, amma mutumin nan sharri aka yi masa.”

Na ce babu masuncin da zai dunƙule jiƙaƙƙiyar koma ya tura ƙarƙashin gado, ko da kuwa mutum goma ya kashe. Zaren ruɓewa zai yi. Hannunsa ma ba zai yarda ba, kafin ya sha ruwa ya riga ya shanya ta a kan turaku. Wanda ya sa ta can bai taɓa ɗinke koma ba, ko dai maƙiyinsa ne, ko marubucin wasan ne da ko gulbi bai taɓa tsallakewa ba. Ina magana raina na tafasa, domin fuskar ubana nake gani a cikin ankwar nan.

Akawu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

“Kai ɗan manomin shinkafa, ina kas san wagga magana?”

Da na ce a wajen maƙwabta na gani, da an wuce wurin. Na hango yarinyar a bakin zaure tana girgiza mini kai a hankali.

Na ce, “Ubana masunci ne, Baba. Ni ke riƙe masa ɗaya bakin komar.”

Akawu ya sa aka shigar da akwatin. Mako bai cika ba aka maido kayan gaisuwarmu gidan baffa, har goron ba a taɓa ba. Na ji ciwon abin, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina kauce wa layin nan. Amma kunyar da ta fi damuna ita ce ta shirun da na yi tun farko.

Ranar Asabar na hau mota na tafi Argungu. Na tarar da ubana ya fito daga ruwa ke nan, yana warware komarsa. Labari ya riga ni isowa, na gani a fuskarsa. Ya dubi farar rigata ta malanta, ya miƙo mini ɗaya bakin.

“Kama nan, kada ta taɓa ƙasa.”

Na kama, ruwan na zuba a hannun rigar.