Ƙahon da Likita Ya Yi wa Baba

Baba ya faɗi daga mashin da ɗaurin rake a hanyar Gazara, ya tashi yana dariya. Bayan makonni ya fara jan ƙafa da mantuwa. A Zariya hoton kai ya nuna jini ne ya taru a hankali saman ƙwaƙwalwarsa, sai tiyata.

Inna ta ce, "Ba mai fasa wa mijina kai!"

Ni kuwa na sha karanta abin a waya. Na ce, "Inna, kamar ƙahon wanzami ne fa! 'Yar huda za su yi, su zuƙe mataccen jinin."

Ta ce, "Ƙaho? To, a yi."

Aka yi, aka dace. Yanzu duk mai zuwa gaisuwa sai Baba ya ɗaga hula ya nuna masa tabon.